Ranar da Na Yanka Uwar Garken Sirajo

Ina bakin rijiya a Fakku ina shayar da shanu Sirajo ya kira ni, ya ce in zo Tambuwal in yi masa kiwo na mako guda. Na ce kiwon me? Ya ce in na zo na gani. Sirajo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a iya sanina ko kaza ba shi da ita. Duk da haka na miƙa wa maƙwabcina guga, na shiga gida na sauya riga, na hau babur. Ban tsaya jin ƙarin bayani ba, domin shekara goma sha ɗaya ke nan Sirajo bai ba ni ajiyar ko allura ba.

Laifin nawa ne. A gidanmu duk ɗan da aka haifa, ranar suna ake nuna masa maraƙarsa. Daga zuriyar ta Sirajo, bayan ciwo ya ci wasu karatunsa ya ci wasu, saniya ɗaya ta rage, gudale mai farin goshi da muke ce wa Wule. Ranar da zai tafi Legas neman aiki ya kamo igiyarta ya sa a hannuna. A damina ta biyu Wule ta kwanta. Dattawa suka ce in yanka tun da sauran numfashi, ni kuma na kafe a kan za ta tashi. Kwana uku ina ɗura mata jiƙo, a na huɗu na tarar da ita ta sandare. Ta yi mushe, ba nama ba fata. Kunya ta hana ni faɗa masa, har wata uku, sai a bakin wani direban babbar mota ɗan Kebbe ya ji labarin a can Legas. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun daga nan tsakaninmu sai gaisuwar sallah da ta'aziyya.

Na isa Tambuwal bayan azahar, hanyar Kebbe ta gama jijjige mini ƙugu. Na duba ƙofar gidan ban ga turke ba, na shiga tsakar gida ban ji warin dabba ba. Sirajo ya ja ni wani ɗaki da ya liƙe tagoginsa. Sanyi ya buge ni, ga wani shuɗin haske kamar na shagon masu gyaran waya. A jikin bango akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, cike da ruwa yana ta motsi. A ciki duwatsu ne masu launi iri-iri da wasu kifaye biyu da ba su isa miyar yaro ba.

"Ga su nan, Yaya," in ji shi.

"Kifayen ga biyu?"

"A'a, su 'yan rakiya na. Ga garken nan bisa duwatsu."

"Duwatsun za ni kiwo?"

"Ba duwatsu ba na. Murjani na. Dabbobi na, suna da rai kamar ni da kai."

Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen da ke wuyan mahaifiyarmu, kuma har ta rasu ban taɓa ganin ta ba shi ruwa ba. Na matsa na sa ido. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kunnen tsohuwa, wani kamar an watsa ƙananan furanni kore a kan dutse. Na tambaye shi me suke ci, ya ce haske. Na ce ina ƙafafunsu, ya ce ba su tafiya. Na ce to itace ne ke nan, ya ce a'a, dabba. Na bar tambaya, don na lura duk tambayar da na yi sai ta mayar da ni baya.

Ashe a Legas shagon masu sayar da kifin ado ya yi wa aiki, a can ya koyo wannan abu. Da ya dawo gida shekara uku da suka wuce, ya kafa farantan sola a kan rufi, ya sayi batura da injin tace ruwa, gishirinsa ma na musamman ne da ake aiko masa a buhu. Yakan ɗauki hotonsu ya sa a waya, masu kuɗin Abuja da Legas su gani su zaɓa. Sai ya ƙulle wanda aka zaɓa a leda da ruwansa, ya jera a kula, ya ba direbobin da ke bi ta kan babban titi. Da wannan yake ci da gidansa. Ni da nake jin mutane na cewa Sirajo na sayar da kaya ta waya, na ɗauka takalma ne.

A tsakiyar akwatin akwai wata babba da ta fi kowa. Tana da kara mai kauri kamar damtsen mutum, a samansa wani faffaɗan kai kamar faifai, launin shayi da madara. Duk saman faifan wani lallausan gashi ne yana kaɗawa yadda ciyawar fadama ke yi in iska ta taso. Ko ni da ban san kan abin ba na ga kyanta.

"Wagga ita ta uwar garke," in ji Sirajo, ya sassauta murya kamar za ta ji. "Shekara fuɗu tana hannuna. Cikin kula na ɗauko ta tun daga Legas, tana kamar ƙwallon goro."

Ya nuna mini wani ɗan kwandon roba a gefe, cike da tsakuwa, da wasu 'yan ƙanana masu kama da ita a ciki. Ya ce 'ya'yanta ne.

"Haihuwa taka yi?"

"A'a, yankan ta nika yi. In na yanki gefe kaɗan da reza, yankin shi kama tsakuwa shi zama wata. Ita ko ta warke."

"Ka yanka ta, ba ta mutu ba?"

"Yawa taka yi, Yaya."

Na ce "to", irin wanda ake ce wa likita.

Matarsa Rauda ce cikinta ya tsufa, likitoci suka ce a kawo ta Sakkwato kusa da su, don haihuwar ba za ta zo da sauƙi ba. Mota na jiransu a waje, shi kuwa yana ta zuba mini bayani. In goge farantan sola kowace safiya. In ma'aunin zafi ya haura jan layi, in ɗauko gorar ƙanƙara in jefa a ruwan. In ba kifayen abinci abin da yatsa biyu za su ɗauka. Kada in sa hannu a ciki da sabulu ko man shafawa. In ruwa ya ragu daga alamar da ya yi, in ƙara daga shuɗiyar jarka, kuma ruwan daɗi ne a cikinta. Na ce ba ka ce ruwan gishiri suke sha ba? Ya ce haka ne, amma zafi ruwa yake kwashewa ya bar gishirin. Na ce to. Ya ciro makullin ɗakin daga aljihu ya sa a tafin hannuna, ya riƙe hannun ɗan lokaci kafin ya saki. Na ji abin har cikin raina, kuma na yi wa kaina alkawari ko tsakuwa ɗaya ba za ta mutu a hannuna ba.

Kwana biyun farko lafiya lau. Watan bazara ne, rana kamar ta sauko ƙasa, ni kuwa ina zaune a ɗaki mai sanyi ina gadin duwatsu. Har na fara raina aikin. Na ce a raina, mu muna can muna bin shanu cikin ƙaya, ashe wasu kiwonsu a kan kujera suke yi.

A rana ta uku da safe na buɗe ɗaki na ga uwar garke ba gashi. Ko ɗaya. Faifan ya zama sumul yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Na duba ma'auni, bai kai jan layi ba. Na duba ruwa, yana kan alama. Sauran duk suna nan a buɗe suna harkarsu. Na ce ƙila barci take yi, tunda ban tambayi Sirajo ko suna barci ba. Na jira har la'asar, ba ta fito da gashi ba. Washegari gefen faifan ya fara lanƙwasowa ƙasa.

Duk wanda ya yi kiwo ya san wannan. Dabba ta bar ci, ta saki kunne, ta ware daga 'yan'uwanta. Sai dai saniya ina iya buɗe bakinta in duba, in taɓa hancinta, in ga kashinta. Wannan kuwa ban san ina ne gabanta ina ne bayanta ba. Na zagaya akwatin ya fi sau ashirin. Na ƙara wa kifayen abinci ko za ta samu ragowa, sai kifayen suka cinye. Na yi mata irin kiran da nake yi wa shanu, a hankali, na kuma ji kunyar kaina.

Bayan sallar azahar na tare Malam Abdulganiyyu, limamin masallacin unguwar, dattijo ne mai son a yi magana a gama. Na roƙe shi ya zo ya duba mini wani abu. Ya shigo ya tsaya gaban akwatin, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wacce ta ba lafiya?"

Na nuna masa.

"Tana da jini?"

"Ban gani ba, Malam."

"Baki fa?"

"Sirajo ya ce bakunanta sun fi dubu, amma yanzu duk ta rufe su."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce shi dai abin da ya karanta, abin da ke rayuwa cikin teku ba ya bukatar yanka, ko ya mutu da kansa ba a kiransa ƙazanta.

"Ni ba ci za ni yi ba, Malam."

"To mi kaka tambaya, Attahiru?"

Nan ya kama ni, don ni ma ban san me nake tambaya ba. Na ce, "In ta mutu hannuna ina kallo, mi za a ce na yi?"

"Ka kira mai ita mana," in ji shi. Ya sa takalmansa ya fita.

Shawara ce mai kyau, kuma na ciro wayar. Na nemo sunan Sirajo na tsaya ina kallonsa. Mutum yana can a asibiti matarsa tsakanin rai da mutuwa, in kira shi in ce masa kwana huɗu kacal da ba ni amana har ta fara lalacewa? Na ce bari in ga gobe. Gaskiyar magana ba tausayinsa ne ya hana ni ba, tsoro ne. Ba na son in ji shirun da zai yi a wayar.

Gobe ta zo, ranar Talata, sai ga shi ya kira da kansa. Muryarsa cike da murna. An yi wa Rauda aiki, an ciro 'ya mace, uwar ta zubar da jini amma ta farfaɗo. Na yi masa barka, na yi addu'a. Sai ya ce, "Ya garke, Yaya?" Ina tsaye a gaban akwatin, uwar garke ta sunkuya kamar laimar da ruwa ya karya. Na buɗe baki na ce, "Lafiya lau."

Ranar Laraba da na gama goge farantan sola na shiga, na ga wata yana mai yauƙi ta fara tashi a jikinta, tana lilo cikin ruwa. Na ce shi ke nan, ruɓewa ta fara. Wule ta dawo mini a ido, yadda na tarar da ita da ƙudaje a baki, da dattawan da suka tsaya suna kallona. Wancan karon jira na yi. Na rantse wannan karon ba zan jira ba.

Na zauna na yi lissafin abin a kaina, kuma a lokacin na ga ya fita daidai. In dabba ce kamar yadda Sirajo ya ce, to yankawa ya fi a bar ta ta yi mushe, makiyayi ya sauke nauyinsa. In kuma gaskiya ne yanka ba ya kashe ta, yawa take yi, to na ceci abin da zai cetu. Ta ko'ina na duba sai na ga wuƙa ce amsar.

Na je wurin mai tebur na sayo sabuwar reza, don ba a yanka da dakusasshen ƙarfe. Na wanke hannuna da ruwan jarka har sau uku. Ba a yanka dabba a gaban 'yan'uwanta, saboda haka na ɗebi ruwan akwatin a babbar roba, na ɗago ta da dutsen da take manne a kai, na sa a ciki, na kai bayan ƙofa inda sauran ba za su gani ba. Sai kuma na tsaya da reza a hannu ina neman wuya. Daga ƙarshe na yanke shawara inda kara ya haɗu da faifai shi ne wuya, tunda ba wani wurin da ya fi kama da shi. Na juya robar ta fuskanci gabas, na yi bisimilla, na ja sau ɗaya.

Ba jini, ba shure-shure. Wani ƙarni ne kawai ya taso, ruwan ya yi kauri. Faifan ya zauna a tafina yana santsi. Na kasa shi gida tara yadda ake kasa naman layya, na ɗebo wani ruwan a roba ta biyu don in ɗauraye, tunda nama sai an wanke.

A wurin ɗaurayar ne gabana ya faɗi. Yanar nan ta saluɓe gaba ɗaya kamar fatar dafaffen tumatir, abin da ke ƙarƙashinta kuwa tas yake, mai tauri, ba tabo ba wari. Na yi fiɗa ba sau ɗaya ba, na san naman dabba mai ciwo, na san na lafiyayya. Wannan na lafiyayya ne.

Na jera yankan tara a kwandon tsakuwa kusa da 'ya'yanta. Kututturen kuma na mayar da shi tsakiya inda take, domin a wurinmu in dabbar amana ta salwanta, makiyayi yakan ajiye fata ko wutsiya ya nuna wa mai ita. Kwana biyun da suka biyo baya ban iya cin abincin kirki ba. Nakan zauna in kalli kututturen nan, shi ma kamar yana kallona, ko da yake ban san ta ina ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka dawo. Mata suka cika gida, aka shiga da Rauda da jaririya ciki. Sirajo ya rungume ni a tsakar gida, abin da bai yi ba tun muna samari, sannan ya nufi ɗakin yana dariya. Ina bayansa ya tura ƙofa. Dariyar ta tsaya.

"Ina uwar?"

Na nuna masa kwando, na nuna masa kututture. Na faɗa masa komai tun daga ranar da ta rufe gashi har zuwa reza. Ban ɓoye gabas da bisimilla ba. Ya jawo shuɗiyar jarka ya zauna a kai, ya dafe kai da hannu biyu.

"Saɓa taka yi, Yaya," in ji shi. "Kamar maciji. Duk wata biyu ko ukku sai ta rufe, ta yi kwanaki, ta tuɓe tsohuwar fata ta buɗe ta fi da kyau."

"Ba ka faɗa min ba."

"Ban faɗa ba. Na manta. Wanga laifina na."

Ya tashi ya leƙa kwandon, ya daɗe yana duba yankan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni a cikin akwatin na yanka? Na ce a'a, ba a yanka a gaban 'yan'uwa. Ya ce da na yi a ciki da yauƙinta ya kashe rabin garken. Ya tambayi rezar, na ce sabuwa ce. Ya girgiza kai, ban gane ko yabo ne ko takaici ba. Ya ce wani mai otal a Abuja ya yi ta binsa ya sayar masa da ita ɗungurungum, ya ƙi, don daga jikinta yake samun abin sayarwa duk bayan 'yan watanni. Yanzu ko yankan sun rayu, sai ya shekara bai ga mai girman da zai yanka ba. Ya faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, ni kuwa na gwammace ya zage ni.

Sai ya juyo ya dube ni. "Wayarka ta lalace?"

"A'a."

"Ran Talata na kira ka. Na ce ya garke."

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Kalma guda za ka faɗi, in ce maka bar ta. Yaya, kana tsammanin mutuwar Wule ta ɓata min rai? Saniya na mutuwa hannun kowa. Baba ma shanu sun mutu hannunai. Wata ukku ina kiranka ina tambayar ta, kana ce min tana nan lafiya. Cikin tasha, gaban mutane, wani ya yi min jaje, ni ban san mi shika yi wa jaje ba." Ya nisa. "Sau biyu ke nan."

Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da abin a kan ban yanka da wuri ba, har na zo na yanka wadda ba ta yi komai ba don in gyara. Ashe tun farko ba wurin da ciwon yake nake shafa wa magani ba. Na ajiye masa makullinsa a kan murfin akwatin, na fita na hau babur. Har na kai Kebbe ban san na wuce Dogon Daji ko ban wuce ba, sai daga baya na tuna ba ma ta nan hanyar take ba.

A gida na shiga garke na zaɓi karsanar da ta fi kowace, ja mai faɗin ƙirji, wadda na ƙi sayarwa sau biyu. Ranar suna da sassafe na sa aka loda ta a a-kori-kura, na zauna a baya tare da ita har Tambuwal. Mutane sun fara taruwa a ƙofar gida ana shimfiɗa tabarmi. Sirajo ya fito ya ga karsana, ya gan ni. Ya ce in zo in ga wani abu.

A cikin kwandon, shida daga cikin taran sun fito da gashi, gajere, yana kaɗawa. Biyu sun narke ya kwashe su. Ɗaya na nan a dunƙule, ya ce ba ta yanke shawara ba tukuna. Kututturen ma bakinsa ya haɗe, wasu 'yan ƙuraje sun feso a kai, ya ce sabon gashi ne, in Allah ya so zai sake yin kai.

Na ce, "To Sirajo, na kashe ta ko ban kashe ta ba?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi Yaya, ni ma ban san yadda za ni ce ba. Ba ta nan, kuma ga ta nan."

"Wacce ta ita cikinsu?"

"Duka."

Na bar maganar nan, don na ga in na bi ta zan rasa sallar azahar. Na ce masa karsanar da ke waje biya na kawo. Ya ce shi ba ya karɓar biya a kan amana, mahaifinmu bai koya mana haka ba. Na ce to ni ba zan koma da ita ba. Ya ce mu je, ana jiranmu.

Malam Abdulganiyyu ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna Najiba, aka raba goro da dabino. Ana cikin shafa fatiha Sirajo ya miƙe ya je ya kwanto karsanar daga jikin dalbejiya, ya jawo ta gaban mutane. Ya ce a shaida, baffan Najiba ya ba ta maraƙar suna kamar yadda ake yi a gidansu. Aka yi ta sa albarka, ni kuwa ina zaune ban san lokacin da na yi wannan kyauta ba. Sai ya tako har inda nake, ya kamo hannuna ya sa igiyar a ciki.

"Ni ina za ni kai saniya, cikin gilashi? Ka riƙe mata." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "In ta kwanta, ko tari ta yi, kak ka jira kuma kak ka ɗauko wuƙa. Kira ni."

Na riƙe igiyar. Motar da ta kawo mu ita ta mayar da mu Fakku, direban yana ta tambayata ko an fasa cinikin ne.

Bayan ruwan farko ya sauka, wata safiya na zuba wa shanu dusa, karsanar Najiba ta sunsuna ta kau da kai. Wataƙila sabuwar ciyawa ce ta cika mata ciki, abin da na gani sau ɗari. Ban buɗe bakinta ba, ban taɓa hancinta ba. Na haye tudun bayan gari inda waya ke kamawa, na nemo sunansa, na danna. Ƙara ɗaya ta yi ya ɗauka.

"Yaya," in ji shi, "ina jin ka."